NA'URAR GANE ƘARYA DA MASU NEMAN AIKI

Bayani ga jama'ar ƙasar Karaye da Rogo

Kowace shekara samari da 'yan mata masu yawa daga ƙananan hukumomin Karaye da Rogo su kan gama makaranta su shiga neman aiki. Waɗansu su nemi aikin ɗan sanda, waɗansu soja ko kwastan, waɗansu kuwa su nufi bankuna da kamfanonin Kano da Kaduna. Masu nema suna da yawa, guraben aiki kuwa kaɗan ne. Cikin shekarar 2016, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta ba da umurni a ɗauki sababbin 'yan sanda 10,000, mutum fiye da 900,000 ne suka nema. Watau a kan kowane gurbi guda akwai mutum casa'in suna jira.

Tun da ya ke haka ne, tilas hukuma ta nemi hanyar da za ta tace mutane, don kada ɓarawo ko ɗan fashi ko mai takardun jabu ya sami shiga cikin kaki. A watan Agusta na wannan shekara ta 2016 Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya, a ƙarƙashin Sufeto Janar Ibrahim Idris, ta ba da sanarwa cewa waɗanda suka yi nasara za a gwada su da na'urar gane ƙarya, ban da binciken asali da awon lafiya da sauran jarrabawa. Kafin wannan ma, cikin 2012, Ibrahim Lamorde, shugaban Hukumar EFCC na lokacin, ya bayyana cewa za a riƙa yi wa ma'aikatan hukumarsa irin wannan gwaji. Saboda haka ɗan Karaye ko ɗan Rogo da ya nemi aikin tsaro yana iya tarar da na'urar nan a gabansa wata rana.

An shirya wannan takarda domin mai neman aiki, da iyayensa, da masu tsaya masa, da masu ɗaukar ma'aikata, su san mece ce wannan na'ura, me ta ke iyawa, me kuma ba ta iyawa. Gundarin maganar shi ne: na'urar ba ta ganin ƙarya, motsin jikin mutum ta ke aunawa. Don haka ba ta isa ta zama alƙali ita kaɗai a kan abincin wani ba.

ASALIN NA'URAR

Tun zamanin da mutane suka lura cewa jikin maƙaryaci ya kan tona masa asiri. Bakinsa ya bushe, muryarsa ta yi rawa, gumi ya karyo masa. Shi ya sa Hausawa ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A kan wannan tunani aka gina na'urar gane ƙarya.

A ƙasar Amurka aka ƙago ta. Wajen shekarar 1915 wani ɗalibin Jami'ar Harvard mai suna William Marston ya fara auna hawan jinin mutane sa'ad da a ke yi musu tambayoyi, yana neman alamar ƙarya. Cikin 1921 John Larson, wani ɗan sanda mai zurfin ilimin jikin ɗan Adam a garin Berkeley na Jihar Kalifoniya, ya haɗa wata na'ura mai rubuta bugun zuciya da numfashi gaba ɗaya a kan takarda. Daga baya Leonarde Keeler, wanda ya koyi aikin a wurin nan, ya gyara ta ta zama abin da za a iya ɗauka a akwati, aka kuma ƙara mata awon gumi. Turawa suna kiranta foligiraf, kalma ce daga harshen Girka, ma'anarta rubutu mai yawa, domin layuka da yawa ta ke zanawa lokaci guda. Mai karatu ya lura, ko a cikin sunanta na asali babu maganar ƙarya.

Tun farkon fitowarta aka yi ta gardama a kanta. Cikin 1923 wata kotun ɗaukaka ƙara a birnin Washinton ta ƙi karɓar gwajin Marston a shari'ar wani mutum mai suna James Frye, wanda a ke tuhuma da kisan kai. Dalilin kotun shi ne masana ba su haɗu a kan ingancin gwajin ba. Shi kansa Larson, a ƙarshen rayuwarsa, ya nuna nadama a kan yadda aka mayar da abin da ya ƙago.

YADDA A KE YIN GWAJIN

A kan zaunar da mutum a kujera cikin ɗaki marar hayaniya. A ɗaura masa robobi biyu masu naɗewa, ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, domin auna numfashi. A ɗaura masa abin awon jini a damtse, irin wanda a ke gani a asibiti. Sa'an nan a maƙala masa waɗansu 'yan ƙarafa a yatsu biyu, su ne masu auna gumin fata. A da allurai ne ke zana sakamakon a kan doguwar takarda mai tafiya. Yanzu kwamfuta ce ke nuna layukan. Babu zafi a ciki, ba a kuma sa wa mutum wutar da za ta ja shi.

Kafin a kunna na'ura, mai gwajin ya kan daɗe yana hira da mutum, ya karanta masa tambayoyin duka, ya kuma tabbatar masa cewa na'urar ba ta kuskure. Bayan haka a fara tambaya, kowace amsa kuwa i ce ko a'a. A kan bar tazarar daƙiƙa ashirin ko fiye tsakanin tambaya da tambaya, a kuma maimaita jerin sau uku ko fiye. Aikin duka ya kan ci awa biyu, wani lokaci ma ya wuce.

A hanyar da aka fi bi, tambayoyin iri uku ne. Na farko su ne na share fage, waɗanda ba su da nauyi, kamar a ce, “Yau Talata ce?” Na biyu su ne na ainihin magana, kamar a ce, “Takardar makarantar da ka kawo ta jabu ce?” Na uku su ne na kwatanci, masu faɗi ƙwarai, waɗanda da wuya a sami mai amsa su da zuciya ɗaya, kamar a ce, “Tun da ka ke, ka taɓa ɗaukar abin da ba naka ba?”

Tunanin masu gwajin shi ne: mai gaskiya zai fi damuwa da tambayar kwatanci, gama zai tuna karan raken da ya karya a gonar wani yana yaro; marar gaskiya kuwa zai fi damuwa da tambayar ainihin magana. Sai mai gwaji ya gwama tsayin layukan nan biyu, ya yanke hukunci: ko ya ce akwai alamar yaudara, ko babu, ko kuwa ba a tantance ba. Ashe ke nan hukuncin na mutum ne, na'ura layuka kawai ta zana.

ABIN DA NA'URAR KE AUNAWA

Idan ma'aikacin asibitin Karaye ya ɗebi jinin yaro don gwajin zazzaɓin cizon sauro, abin da ya ke nema yana nan cikin jinin, ko dai akwai ƙwayar cutar ko babu. Ƙarya ba haka ta ke ba. Har yau masana ba su sami wata alama guda a jikin ɗan Adam wadda ƙarya kaɗai ke kawo ta ba. Bugun zuciya da gumi da sauyin numfashi, tsoro na kawo su, fushi na kawo su, kunya da mamaki da baƙin ciki duk suna kawo su.

Gaskiya ne mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Amma fa wanda ba shi da kaza ma, in aka daka masa tsawa ya kan firgita. A ɗauki misalin saurayin da ya baro ƙauyensu a ƙasar Rogo tun da asuba, bai karya kumallo ba, mahaifinsa ya sayar da buhun masara ya ba shi kuɗin mota, gida duka an zuba masa ido. Ga shi a gaban baƙo, an ɗaɗɗaure shi da wayoyi, ana yi masa tambaya da Turanci, sai ya juya ta cikin zuciyarsa kafin ya amsa. Ya kuma san sarai wace tambaya ce aikin ya rataya a kanta. In zuciyarsa ta buga a daidai wannan tambaya, na'urar za ta zana dogon layi, daidai da wanda za ta zana wa ɓarawo.

To, in haka ne, me ya sa hukumomi ke amfani da ita? Akwai wani tsohon labari da a ke bayarwa na alƙalin da aka kawo wa mutum biyar a kan sata. Ya ba kowannensu kara, tsawonsu ɗaya, ya ce su kwana da su, na ɓarawo zai ƙaru da faɗin yatsa kafin safiya. Da dare ɓarawon ya gutsure nasa, da safe aka ga ya fi sauran gajarta. Karan ba shi da wani asiri. Yardar da ɓarawon ya yi da shi ita ta kama shi. Babban amfanin na'urar nan ma haka ya ke. Mutane da yawa, don sun gaskata ba ta kuskure, su kan faɗi laifinsu tun a wurin hira, waɗansu marasa gaskiya kuwa su fasa neman aikin tun daga gida. Wannan amfani ne na gaske, ba a musunsa. Sai dai dabarar alƙalin tana da rauni biyu. In ɓarawon ya san kara ba ya tsawo, zai yi barcinsa lafiya. In kuma akwai matsoraci cikin masu gaskiya, shi ma yana iya gutsure nasa.

LISSAFIN DA YA KAMATA KOWA YA SANI

Akwai bambanci babba tsakanin binciken laifi guda da tace masu neman aiki. In an fasa kanti aka kama mutum uku, an san abin da ya faru, an san ranar, tambayar kuma a tsaye ta ke. Wajen ɗaukar aiki kuwa babu wani laifi da aka sani. Dubban mutane ne, yawancinsu masu gaskiya, tambayoyin kuma masu faɗi ne, sun shafi rayuwar mutum duka. A nan ne kuskure ke yawaita.

Ga misali da lissafi. A ƙaddara mutum 1,000 daga Karaye da Rogo sun nemi aiki, 20 daga cikinsu suna ɓoye wani mugun abu, 980 kuwa ba su da komai. A kuma ƙaddara gwajin ya kan dace sau tara cikin goma, ko da ya ke wannan kyautata masa zato ne. Cikin marasa gaskiya 20 zai kama 18, biyu su wuce. Cikin masu gaskiya 980 zai yi kuskure a kan ɗaya bisa goma, watau mutum 98. Jimlar waɗanda aka ce sun faɗi ta zama 116, amma 98 daga cikinsu ba su yi laifin komai ba. Watau duk marar gaskiya guda da aka kama, an haɗa da masu gaskiya biyar ko fiye. Waɗannan za su koma gida ba aiki, ga kuma tabo a sunansu, alhali mutum biyun da suka fi iya ƙarya sun shige.

Wannan lissafi ba sabo ba ne. Cikin 2003 Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka, wadda ke ƙarƙashin babbar cibiyar masana kimiyya ta ƙasar, ta fitar da rahoto bayan ta duba binciken da aka yi shekara da shekaru. Ta kawo misalin ma'aikata 10,000 waɗanda 10 daga cikinsu 'yan leƙen asirin abokan gaba ne. In an tsananta gwajin don a kama 8 daga cikin 10, to, masu gaskiya 1,598 za su faɗi tare da su. In kuwa an sassauta don kada a zalunci mutane, har masu gaskiyar da za su faɗi su ragu zuwa wajen 40, to, 8 daga cikin 'yan leƙen asirin za su tsallake. Masanan suka ce a binciken laifi guda gwajin ya fi cankar baki nesa, ko da ya ke bai kai ga kamala ba. Amma wajen tace ma'aikata ingancinsa bai isa a dogara da shi ba.

WAƊANDA SUKA TSALLAKE

Masanan nan ba hasashe suka yi ba, abin ya riga ya faru. Aldrich Ames babban ma'aikaci ne a CIA, hukumar leƙen asiri ta Amurka. Daga 1985 ya fara sayar wa Tarayyar Sobiyet asirin ƙasarsa, mutane da dama suka rasa rayukansu ta dalilinsa. An gwada shi da na'urar cikin 1986, aka sake cikin 1991, duk ya wuce. Ba a kama shi ba sai 1994, abin da ya taimaka wajen tona shi kuwa shi ne binciken dukiyarsa: an ga gida da mota da kuɗin banki waɗanda albashinsa ba zai iya kawowa ba.

Haka kuma Gary Ridgway, wanda ya yi ta kashe mata a Jihar Washinton. An gwada shi cikin 1984 ya wuce, aka sake shi. Sai 2001 aka kama shi ta hanyar gwajin ƙwayoyin halitta, cikin 2003 kuma ya amsa laifin kashe mutum 48. Darasin da ke cikin labaran nan biyu ɗaya ne. Wanda ya saba da ƙarya, ko wanda zuciyarsa ta bushe, yana iya wucewa. Haɗarin kuma shi ne, da zarar an ce ya wuce, sai masu bincike su saki jiki da shi.

ABIN DA DOKOKIN ƘASASHE SUKA CE

A Amurka, inda aka haifi na'urar, kamfanoni sun daɗe suna gwada masu neman aiki da ita, har koke-koke suka yi yawa. Cikin 1988 Majalisar Dokokin ƙasar ta kafa doka, Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu, aka hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu tilasta wa mai neman aiki wannan gwaji, ko ƙin ɗaukarsa don ya ƙi yi. An keɓe hukumomin gwamnati, da kamfanonin gadi da na dakon kuɗi, da masu harkar magunguna masu haɗari. Cikin 1998 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta bayyana cewa babu haɗin bakin masana a kan amincin gwajin. Kotun Ƙolin Kanada ta ƙi karɓarsa a matsayin shaida cikin 1987. Ta Indiya kuwa cikin 2010 ta hana a yi wa mutum shi bisa tilas. A Afirka ta Kudu kamfanoni suna amfani da shi sosai, amma kotunan ƙwadago sun tsaya a kan cewa sakamakonsa shi kaɗai bai isa hujjar tabbatar da laifin ma'aikaci ba, sai an sami wata shaida ta dafa masa.

A nan Nijeriya, Tsarin Mulki na 1999 ya ce duk wanda a ke tuhuma da laifi marar laifi ne har sai an tabbatar, ya kuma kare sirrin rayuwar ɗan ƙasa. Cikin 2023 an kafa Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane, musamman na lafiyar jiki, nauyin bayyana dalilinsa da kuma tsare abin da ya tattara. Saboda haka abin da mai neman aiki ya faɗa a ɗakin gwaji amana ce, ba abin yaɗawa a gari ba ne.

HANYOYIN DA AKA GADA

Neman jikin mutum ya ba da shaida a kansa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A zamanin da, a waɗansu wurare, a kan ba wanda a ke zargi da maita ko sata ruwan ɓawon gwaska ya sha. In ya amayar a ce ya kuɓuta, in dafin ya kama shi a ce laifinsa ne. Mutane da yawa marasa laifi sun hallaka ta haka, har doka ta hana. Dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa cikin 1960, ta sa irin wannan gwaji cikin laifuffuka. Na'urar gane ƙarya ba ta kashe kowa, ba a kuma daidaita ta da gwaska. Amma tana da kyau a tuna cewa ƙarfin ciki ko sanyin jini ba su ne gaskiya ba.

Hanyar da alƙalan ƙasar Hausa suka bi daban ce. Mai da'awa shi ke kawo shaidu. Shaidun ma ba a karɓarsu haka kawai, sai an yi musu tazkiyya, watau a tambayi amintattun mutane waɗanda suka zauna da su, suka yi ciniki da su, suka san halinsu. Fatake ma haka su ke yi: ba a ba yaro jari sai wani sananne ya tsaya masa, a fara ba shi kaɗan, in ya riƙe amana a ƙara.

Wannan hanya ita ce har yanzu ginshiƙin ɗaukar aiki. Shi ya sa a ke neman takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, da takardar masu tsayawa, da lambar katin ɗan ƙasa. Shi ya sa kuma a ke tambayar hukumomin jarrabawa, WAEC da NECO, ko takardar da aka kawo tasu ce. Takardar jabu, tambaya guda a ofishin da ya bayar da ita ta isa ta tona ta, ba sai an ɗaura wa kowa waya ba. Tun watan Yuli na 2024 Masarautar Karaye ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, kuma daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, da wuya a sami saurayin da ba a san gidansu ba. Wannan sani dukiya ce wadda babu na'urar da ke da ita. Sai dai amfaninsa ya rataya a kan gaskiyar masu sa hannu.

SHAWARA GA MAI NEMAN AIKI

Idan hukumar da ya nema ta sa gwajin cikin sharuɗɗanta, kada ya tsorata, kada kuma ya gudu. Ya yi barci sosai, ya ci abinci kafin ya tafi. In yana da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko asma, ko yana shan wani magani, ya faɗa tun kafin a fara. Haka mace mai juna biyu. In bai fahimci tambaya ba ya nemi a bayyana masa, da Hausa in ya yiwu, gama amsa tambayar da ba a gane ba ita ce mafarin rikici. Ya faɗi gaskiya tun a takardar neman aiki, ko a kan shekarun haihuwa ne ko a kan jarrabawar da ya taɓa faɗuwa, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Kada ya sa hannu a takardar da bai karanta ba. Kada kuma ya amsa laifin da bai yi ba don an ce na'ura ta nuna. In an ce ya faɗi, ya roƙa cikin ladabi a sake dubawa, a kuma binciki takardunsa da masu tsaya masa.

Ya yi hankali da 'yan damfara. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai sayar da ƙwaya ko laƙanin da ke rufe bakin na'ura, ko ya ce ya san mai gwajin, macuci ne. Hukumar 'yan sanda ta sha nanata cewa neman aikinta kyauta ne. Shan ƙwaya don kwantar da zuciya kuwa yana iya jawo wa mutum faɗuwa a awon lafiya. Haka nan manhajojin wayar hannu da a ke cewa suna gane ƙarya daga murya ko daga yatsa, abin wasa ne, kada a yi wa rogo kallon kitse.

SHAWARA GA IYAYE DA SHUGABANNI

Yaron da ya dawo aka ce na'ura ta kayar da shi, kada a ɗauke shi maƙaryaci, kada a bar maganar ta bi shi zuwa wurin neman aure ko wurin ciniki. Lissafin da aka kawo a baya ya nuna cewa mafi yawan masu faɗuwa a irin wannan tacewa suna iya zama masu gaskiya. Masu unguwanni da dagatai da manyan ma'aikata kuma, kada su sa hannu a takardar wanda ba su sani ba, ko don kunya ko don abin goro. Wanda ya tsaya wa ɓarawo ya shiga aikin ɗan sanda, shi da jama'arsa ne za su fara ɗanɗana kuɗarsu.

SHAWARA GA MASU ƊAUKAR MA'AIKATA

Mai kamfani, ko mai makaranta, ko mai gidan mai, da wani ya zo ya tallata masa wannan gwaji, ya auna kuɗin da zai kashe da abin da zai samu. Ya fi masa amfani ya tabbatar da takardu daga tushensu, ya tuntuɓi inda mutum ya taɓa aiki, ya ga masu tsayawa ido da ido, ya ɗauki mutum gwaji na 'yan watanni, ya kuma tsara littafin kuɗinsa yadda mai karɓa daban, mai rubutawa daban. Hukumar da ta ga lalle sai ta yi amfani da na'urar, ta samo ƙwararren mai gwaji, ta nemi yardar mutum a rubuce, ta tsare sirrinsa, ta kuma ɗauki sakamakon a matsayin dalilin ƙara bincike. Kada a kori kowa saboda layin na'ura kaɗai, kada kuma a daina sa ido a kan kowa don ya wuce.

ABIN TUNAWA

Na'urar gane ƙarya tana auna numfashi da bugun zuciya da hawan jini da gumi. Tana iya sa marar gaskiya ya tsorata ya faɗi laifinsa, wannan shi ne amfaninta. Tana iya kayar da mai gaskiya, ta kuma ƙyale gwanin ƙarya, wannan shi ne haɗarinta, haɗarin kuwa ya fi girma inda a ke tace dubban mutane. Halin mutum a wurin waɗanda suka zauna da shi a ke saninsa, da kuma aikinsa bayan an gwada shi. Wanda ya karanta wannan takarda ya taimaka ya bayyana wa waɗanda ba su sami karantawa ba, musamman matasan da ke shirin neman aiki bana.